Gas ɗina yana baƙanta min tukwane, ko tukwanen ne ba na gas ba?

Salam Anti, dan Allah a taimaka min da shawara kuma a ɓoye sunana. Ban daɗe da fara girki da gas ba, murhun mai kai uku ne samansa gilashi, silindar kuma tana cikin kabad a ƙarƙashinsa. Matsalata duk tukunyar da na ɗora sai gindinta ya yi baƙi ƙirin, guda biyu mariƙinsu ya narke, kuma in na daɗe a kicin sai in fito da ciwon kai. Wani lokacin da safe in na shiga ina ɗan jin warin gas, maigidana ya ce ai haka gas yake kowa yana ji. Ƙawata kuma ta ce tukwanena ne ba na gas ba, in kwashe su in sayi saitin nonsitik. Ni dai tsoro nake kar silindar ta fashe wata rana, har na fara tunanin daina amfani da shi. Wace tukunya ce ta dace da gas?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Zan zo kan maganar tukunya in sha Allahu amma ki yi haƙuri ba da ita zan fara ba, saboda akwai abun da kika jefo a tsakiyar saƙon naki kamar ba komai ba alhali shi ya fi komai gaggawa, wato warin nan da kike ji da safe. Wannan yau za a duba shi, ba sai an samu sarari ba.

Maigida ba da wata manufa ya faɗa ba, mutane da yawa haka suka ɗauka, amma gaskiya ba haka gas yake ba. Kinsan shi gas ɗin girki asalinsa ba shi da wari ko kaɗan, warin da kike ji da gangan ake zuba masa wani sinadari mai suna makaftan don hanci ya kama shi tun yana ɗan kaɗan. Kuma ba haka kawai aka wayi gari aka fara ba, a 1937 gas ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a garin New London da ke jihar Texas a Amurka, ba wanda ya ji komai tunda ba wari, ya tashi da ginin ya kashe mutum kusan 300 yawancinsu ɗalibai, bayan nan ne jihar ta yi doka dole a sa wa gas wari, abun ya bazu zuwa sauran wurare. To kinga an sa shi ne don in kin ji ki tashi tsaye. In kin murɗa makunni wuta ta ɗan yi jinkirin kamawa kika ji shi ya wuce nan take, ko lokacin da ake canja silinda, wannan ba komai. Amma kicin ya kwana komai a kashe, ki buɗe ƙofa da safe wari ya tare ki? Wani wuri yana yoyo, ko da ɗan mitsitsi ne.

Abun da ya ƙara ɗaga min hankali shi ne inda kika ce silindar take. Gas ɗin silinda, wato furofen da butan, ya fi iska nauyi, furofen wajen sau ɗaya da rabi butan kuma kusan sau biyu, don haka in ya fita ba sama yake yi ya bi taga ba, ƙasa yake gangarawa ya kwanta, ya cika kabad ɗin ya bi ƙarƙashin firij da duk wani lungu. Ke kina tsaye hancinki yana sama, abun da kika shaƙa kaɗan ne daga wanda yake kwance wajen ƙafafunki. Kuma ba sai ya cika ɗakin ba fa, in ya kai kamar kashi 2 cikin 100 na iskar wurin zai iya kamawa, ɗan tartsatsin makunnin fitila ko na injin firij in ya tashi ya ishe shi. A fito da silindar nan daga kabad. In da hali a kai ta waje a inuwa inda iska ke ratsawa, wanda ya san aikin ya jawo bututu ta bango, in ba hali a ajiye ta a fili a tsaye, da ɗan rata tsakaninta da wutar. In kuwa dole sai kabad ɗin toh a yi masa huji manya ta ƙasa, kuma kar a haɗa ta da soket ko wayar lantarki a ciki.

Gano inda yake yoyo ba wuya, ke ma za ki iya. Ki haɗa ruwa da sabulun wanke-wanke ya yi kumfa sosai, ki kashe duk makunnan murhu, ki buɗe gas ɗin daga ragileta, wato kan nan da ake ɗaurawa a bakin silinda mai daidaita fitar gas, sai ki bi da soso ki shafa kumfar a bakin silinda, da jikin ragiletan, da inda tiyo ya shiga ragileta, da tsawon tiyon gaba ɗaya har inda ya shiga bayan murhu. Ki tsaya ki zuba ido. Duk inda kika ga kumfa tana ɓulɓulowa tana girma da kanta nan ne. Dan Allah kar ki yarda wani ya ce bari ya ƙyasta ashana ya zagaya wajen ya gani, akwai masu yi har cikin waɗanda suke kiran kansu masu gyara, ki hana shi ko wane ne. Ki kira maigidan ya tsaya a wajen lokacin da kike gwadawa, in ya ga kumfa tana tashi da idonsa kin huta da doguwar gardama. Yawanci abun bai wuce ɗayan uku ba, ko 'yar robar nan da ke cikin bakin silinda ta cinye ko ta faɗi, ko tiyo ya tsage, ko an cusa tiyon ne kawai ba a ɗaure bakinsa da kilif ba. In kuma kumfa ba ta nuna komai ba amma warin yana nan to yoyon a cikin murhun ne, wajen makunnan, wannan sai mai gyara. Har zuwa lokacin da za a gano shi ki bar ragiletan a rufe, kar ki kunna, ko ran wani zai ɓaci.

Tiyon ma a duba wane iri aka sa miki. Na gas daban yake da na ruwa, ana rubuta shekarar da aka yi shi a jikinsa, kuma bai kamata ya wuce kamar shekara 5 ba a canja ba, ko ƙasa da haka in kin lanƙwasa shi kika ga ƙananan tsaga. Kar ya yi tsawo yana jan ƙasa, kar ya taɓa jikin murhu inda yake zafi, ɓera ma yana gwaguyarsa. Sannan ki mai da shi ɗabi'a, in kin gama girkin dare ko za ki fita ki rufe daga ragileta ba daga makunnin murhu kaɗai ba.

Ranar da kika shiga kika ji warin da ƙarfi, Allah ya kiyaye, kar ki taɓa makunnin fitila, ba kunnawa ba kashewa, wanda yake kunne ki bar shi wanda yake kashe ki bar shi. Kar ki kunna fanka wai ta kore shi, kar ki latsa waya a ciki. Ki rufe ragileta, ki buɗe ƙofofi da tagogi, ki fitar da kowa, sai kin yi nisa ki kira taimako.

Tsoron fashewar da kike yi ban ga laifinki ba, sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Silinda mai lafiya ba ta fashewa haka kawai tana zaune, yawancin abun da ake cewa silinda ta fashe gas ne ya zuba ya taru a ɗaki ya samu wuta. Ita kanta tana fashewa ne in gobara ta riga ta kewaye ta, ko tsatsa ta cinye ta, ko an cika ta fiye da kima. Abun da yake cikinta ruwa ne ba iska ba, kuma yana kumbura in ya ji zafi, shi ya sa ƙa'ida kashi 80 cikin 100 ake cikawa a bar masa wuri, don haka wanda ya ce zai danna miki har wuya ba taimakonki ya yi ba. Lita ɗaya ta ruwan nan in ta koma iska tana kai lita 250, shi ya sa ba a kwantar da silinda ana girki, ruwan zai bi ragileta ya fito wuta ta yi tsalle. Ba a jijjiga ta ko a ɗumama ta wai don a tatse ragowar. Ki leƙa gindinta, in tsatsa ta ci ko ta lotse a canja. In an kiyaye waɗannan ban ga dalilin daina gas ba.

Toh yanzu baƙin tukunya. Ƙawarki ta bar jaki tana dukan taiki ne, babu wata tukunya a duniya da take ƙera baƙi da kanta, wuta ce take shafa mata. Ko kin sayo saiti mafi tsada kika ɗora a kan wutar nan gobe gindinsa zai yi baƙi iri ɗaya. Ki kunna murhun ba tukunya a kai ki kalli harshen. Wutar gas mai lafiya shuɗiya ce, gajera, a tsaye, ta zagaye kan daidai ba giɓi, ba ta ƙara sai ɗan huci. In kin ga doguwa ce ruwan ɗorawa tana lilo tana lasar sama, gas ɗin bai samu isasshiyar iska ya ƙone duka ba, ragowar da bai ƙone ba ita ce kunkunniyar da kike kankarewa. Ɗan ja-ja da kan gilma a ciki in ƙura ko gishiri ya faɗa ba shi nake nufi ba, wannan yana wucewa kuma ba ya baƙanta komai.

Kuma nan ne ciwon kanki ya shigo. Wutar da take baƙanta tukunya ita ce dai take fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda take kama jini fiye da yadda iskar numfashi take kamawa sau sama da 200, alamarta ta farko kuwa ciwon kai ne da jiri da kasala da tashin zuciya, in mutum ya fita waje ya ji sauƙi. Ba ina cewa lallai ita ce take damunki ba, zafi da ƙishirwa da tsayuwa ma suna kawo ciwon kai, amma baƙin tukunya da ciwon kai a kicin ɗaya ba abun da zan yarda a yi wa shiru ba ne. Ki buɗe taga duk lokacin da wuta take kunne, ko da shuɗiya ce, don ko lafiyayyiyar wuta tana fitar da wata iskar da take tayar wa masu asma, yara musamman. In akwai na'urar zuƙe hayaƙi a sama a kunna ta. Akwai kuma 'yar na'ura da ake liƙawa a bango tana ƙara in kabon monoksaid ya yi yawa, in za ku iya ku sa. In an gyara wutar ciwon kan bai daina ba ki ga likita, in kuwa kina da juna biyu kar ma ki jira gyaran.

Me ke sa wuta ta yi ruwan ɗorawa? Fara da mai sauƙi. Ki bari ya huce, ki cire murfin kan da zoben da ke ƙarƙashinsa, ki jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu, ki goge da tsohon buroshi, ƙananan hujin nan ki zura musu fil ko siririyar waya, ban da tsinken sakace don yana karyewa a ciki. Ki bari su bushe ƙarau kafin ki mayar, ki tabbatar murfin ya zauna daram bai karkace ba. In kin shimfiɗa foyil a kewayen kan don kar ya yi datti ki cire shi, yana toshe hanyar iska, a kan gilashi kuma yana tara zafi. Amma ke da kika ce murhun bai daɗe ba kuma duk tukwanen ne suke baƙi, ni zargina ya fi tafiya wani wajen. A ƙasan kowane kai akwai wani ɗan ƙarfe mai huji kamar bakin allura wanda gas yake fitowa ta ciki, masu gyara jet suke ce masa, kuma iri biyu ne, na gas ɗin bututu mai faɗin huji da na gas ɗin silinda mai ƙaramin huji. Murhu da yawa daga kamfani da na bututu suke zuwa a ɗaure, na silindar kuma suna cikin 'yar leda tare da takardar bayani, in wanda ya haɗa bai canja ba sai gas ya riƙa fitowa fiye da iskar da zai samu, wuta ta yi tsawo ta yi ruwan ɗorawa, tukunya ta yi baƙi, silinda ta ƙare da wuri. Ki nemo kwalin ki duba. Ki sa mai gyara ya duba wannan, ya daidaita mashigar iska in murhun yana da ita, ya kuma duba ragiletan, don murhun gida na ƙaramin ƙarfi yake so, wajen miliba 28 zuwa 37 a ma'aunin ƙarfin turowar gas, an rubuta a bayan murhun, ba irin na manyan murhunan masu girkin sayarwa ba. Kar kuma a bari kowa ya faɗaɗa hujin jet da ƙusa wai don wuta ta yi ƙarfi.

Wajen kunnawa in da ashana ko leta kike yi, wuta ake fara kai wa sannan a murɗa gas, ba a murɗa a tafi neman ashana ba. In mai kunna kansa ne kika danna bai kama ba cikin kamar daƙiƙa 15 ki kashe ki jira minti ɗaya iska ta kwashe. Wasu murhunan sai kin riƙe makunnin a danne na 'yan daƙiƙu bayan ta kama, mutane suna ɗauka lalacewa ce, a'a, wani ɗan tsinken ƙarfe ne a gefen wutar da yake yanke gas da kansa in wuta ta mutu, misali ruwa ya tafaso ya zubo ya kashe ta ko iska ta busa. In naki ba shi da shi toh ke ce mai gadin, kar ki ɗora abu mai tafasowa ki shiga wanka.

Mariƙin da ya narke kuma wannan kam daga hannu ne, wutar ta fi gindin tukunyar faɗi. Ki ɗan sunkuya ki leƙa, harshen ya tsaya a ƙarƙashin gindi, duk wanda ya lanƙwaso ta gefe yana hawa jikin tukunya asara ce, kicin yake ɗumamawa da mariƙi. Ai shi ya sa aka yi kan manya da ƙanana, ƙaramin kai na tukunya mai faɗin gindi kamar santimita 12 zuwa 16 ne, matsakaici har wajen 20 ko 22, babban kuma 22 zuwa 26, takardar murhun takan faɗi nata daidai. Sannan ruwa in ya tafasa ya tsaya ke nan a digiri 100, ko kin ƙure wuta ba zai ƙara zafi ba, abincin ba zai fi saurin nuna ba, ruwan ne kawai zai ƙone gindi ya kama. Ki kai shi tafasa da babbar wuta sai ki rage ki rufe da murfi, za ki ga yadda silinda take ƙara daɗewa.

Ɗaya gefen ma akwai matsala, kuma ya shafe ki tunda samanki gilashi ne. Ƙatuwar tukunya da ta rufe kan gaba ɗaya ta leƙo har kan makunnai, ko wadda aka ɗora a kan kai biyu lokaci guda, tana danne zafi ya koma ƙasa, ta hana wutar iska, makunnai su narke, gilashin kuma wata rana ya tarwatse. Haka zuba masa ruwan sanyi yana da zafi, ko dangwarar da tukunya mai nauyi. In girkin taro ya taso a nemo murhun ƙasa mai ƙafafun ƙarfe a yi a waje.

Sai ainihin tambayarki. Kusan duk tukunyar ƙarfe tana hawa gas, shi ba mai zaɓe ba ne kamar murhun lantarkin nan na maganaɗisu. Abun dubawa gindi ne, ya zama shimfiɗaɗɗe ya zauna a kan ƙarfen ba ya rawa, ya zama mai kauri, mariƙi a ɗaure tam, murfi yana rufewa. In kin je saye ki ɗaga ta ki ji nauyi, ki ƙwanƙwasa gindin, ƙyallin jiki ba ya girki.

Tukwanen alminiyom, waɗanda nake zaton su ne naki, ba abun zubarwa ba ne, suna ɗaukar zafi da sauri su watsa shi ko'ina. Aibinsu marasa kaurin suna lotsewa suna kamu, kuma abu mai tsami kamar tumatir ko lemon tsami yana cin jikinsu in ya daɗe, don haka a dafa a juye, kar a bar shi ya kwana a ciki. Waɗanda nake ɗari-ɗari da su su ne na zubi da ake narka tarkacen ƙarafa a yi, don an gwada irinsu a ƙasashe da dama an samu wasu suna sakin gubar dalma cikin abinci, ita kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yara kuma ba a ganinta da ido. In ba ki san da me aka zuba ba ki guje ta. Kuma kar a manta alminiyom a wuta ba komai a ciki, a digiri 660 yake narkewa, wutar gas ta wuce nan nesa.

Sitenles shi na fi so a ce yawancin tukwanenki su ne, ba ya tsatsa, tsami ba ya cinsa, ki goge shi da soson ƙarfe ba abun da zai yi. Sai dai shi kaɗansa malalaci ne wajen watsa zafi, alminiyom ya ninka shi fiye da sau goma, shi ya sa siririn sitenles yake ƙona abinci a daidai zoben wuta gefe kuma bai dahu ba. Ki nemi wanda aka sa wa faifan alminiyom ko jan ƙarfe a gindi, za ki ga gindin ya yi kauri daban. Da irin wannan dole ki kula wuta kar ta wuce faifan, in ta wuce sai ta ƙona abinci a kusurwa. Baƙin ƙarfen zubi kuma, mai nauyin nan, yana jinkirin ɗaukar zafi amma in ya ɗauka ya riƙe, ya yi kyau da suya da dahuwa mai tsawo, yana so a busar da shi a shafa ɗan mai bayan wanki don tsatsa, a kan gilashinki kuma a sauke shi a hankali.

Nonsitik ɗin da ƙawarki ta ce, ba abun ƙi ba ne amma ba na saiti guda ba ne a wajena. Abun da aka shafa a cikinsa Teflon ne, wani masanin sinadarai Roy Plunkett ya gano shi a 1938 a kamfanin DuPont, kuma yana da iyaka, in ya wuce wajen digiri 260 yana fara lalacewa, in zafin ya ƙara hawa ya fitar da hayaƙin da yake sa mutum zazzaɓi kamar mura, tsuntsun keji ma yana kashe shi. Kasko mara kauri da aka bari fanko a kan babbar wuta cikin 'yan mintuna zai kai nan. To ke da wutarki take hawa har mariƙi, da kin saye shi yanzu kafin a gyara da wata biyu ba zai yi ba. Ki sayi kasko ɗaya na suyar ƙwai da abubuwa masu kamu, matsakaiciyar wuta, mai ko abinci a ciki kafin ya yi zafi, cokalin katako ko na roba, soso mai laushi, ranar da ya fara ɓarewa kuma a sallame shi. Shikenan.

Kwanon gilashi na oven kar ya hau wuta kai tsaye sai in an rubuta a jikinsa yana hawa, yana fashewa. Tukunyar yumɓu tana so ƙaramar wuta a fara a hankali, in da faifan raba zafi a ƙasa ya fi. Bokiti ko kwanon da aka yi wa ruwan zinki ba na girki ba ne, jan ƙarfe kuma sai wanda aka lulluɓe cikinsa. In kina da tukunyar firesha tana rage shan gas sosai don cikinta yana kai wajen digiri 120, amma kar a cika ta ya wuce kashi biyu cikin uku, abu mai kumfa ko mai kumbura kuma rabi, a leƙa hujin numfashinta kafin a rufe.

Baƙin da ya riga ya hau tukwanenki zai fita, ki jiƙa gindin a ruwan zafi da sabulu ki bi da soson ƙarfe, mariƙin da ya narke kuma in na sukurori ne ana canjawa, in yana girgiɗi ba ya ɗauruwa ki daina ɗaukar abu mai zafi da ita.

Akwai abu ɗaya da ba ki tambaya ba amma ba zan iya rufe amsar nan ban faɗa ba, shi ne mai. Gobarar kicin da yawa daga kaskon mai take tashi, an ɗora an juya baya ana duba waya. In mai ya fara hayaƙi ya riga ya yi zafi da yawa, ki kashe. In ya kama da wuta kar ki kuskura ki watsa ruwa, ruwan yana nutsewa ƙasan man ya koma tururi nan take ya kumbura kusan sau 1700, ya yi feshi da man mai ci har silin da fuskar mai zubawa. Kar kuma ki ɗauki kaskon ki ruga waje da shi. Ki kashe gas, ki zuro murfin ƙarfe ta gefe ki rufe, ki bar shi a rufe har ya huce sarai, in kin buɗe da wuri zai sake kamawa. In ta fi ƙarfin murfi ki fitar da kowa ki ja ƙofa ki kira 'yan kwana-kwana. Mariƙin kasko kullum ya kalli ciki ba bakin murhu ba, saboda yaro da kuma gefen rigarki, hannun riga mai faɗi da mayafi a tattare su kafin a miƙa hannu ta kan wuta, labule da tsumma da leda su yi nisa. Ki samu bargon kashe wuta ko ƙaramin abun kashe gobara na kicin, ki rataye shi kusa da ƙofa ba a bayan murhu ba, don in wuta ta tashi ba za ki iya miƙa hannu ta cikinta ki ɗauko ba.